Kuɗin tuddan yashi a Amurka: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

A kudu maso gabashin Kalifoniya, dab da iyakar Meziko, akwai tuddan yashi da suka miƙe tsawon mil 40. Sunansu na takarda Algodones, amma masu zuwa wurin Glamis kawai suke cewa. Wanda ya san rairayin Yusufari ko na hanyar Agadas zuwa Dirku ba zai yi baƙunta ba, sai dai a nan ba raƙuma ke hawa ba, babura ne masu ƙafa huɗu da wasu motoci da ba su da komai sai ƙarfe da inji. Akwai shekarun da jama'ar da ke taruwa a hutun ƙarshen Nuwamba kan haura dubu ɗari. Dole a kwashe musu shara, a yashe masai, a ajiye motar asibiti, a biya jami'an tsaro. To, wa ke biya? A nan ne masu tuƙin da masu adawa da su duk suke yin kuskure.

Na farko shi ne ɗaukar cewa kuɗin daga baitulmali yake fitowa kai tsaye, wato an rage na makaranta da asibiti an ba masu wasa da mota. Ba haka tsarin yake ba. Tun 1971 Kalifoniya ta yi dokar da ta kafa shirin motocin da ba na kan titi ba, kuma asusunsa daban yake. Abubuwa uku ke cika shi: kuɗin rajista na koren sitika da ake sabuntawa duk shekara biyu, kuɗin ƙofa a filayen jihar, sai kuma mafi tsoka, wani kaso na harajin mai. Hujjar mai sauƙi ce. Harajin da ke kan kowane galan don gyaran titi aka sa shi, shi kuwa mai babur ɗin yashi ya biya harajin bai taka kwalta ba. Sai aka ƙiyasta man da irinsu ke ƙonawa, aka ware musu rabonsu. Gwamnatin tarayya ma haka ta yi a 1991 da shirin hanyoyin shaƙatawa, wanda ke raba wa jihohi kimanin dala miliyan 84 a shekara. Duk mai son yin gardama a kan batun, ya fara tantance asusun da yake magana a kai, in ba haka ba zai yi ta harbin iska.

Amma su ma masu tuƙin suna da nasu kuskuren, kuma a ganina ya fi wancan tsada. Da zarar sun ji cewa kuɗinsu ne, sai su ɗauka filin ma nasu ne. "Mun biya," ita ce kalmar da ke bakinsu. Sitika ba takardar mallaka ba ce. Filin na al'umma ne, kuma dokokin kare halittu da na tsabtar iska suna gaba da kowane rasit.

Tuddan Oceano, a gundumar San Luis Obispo da ke gaɓar tekun Kalifoniya, sun isa misali. A can akwai wata 'yar tsuntsuwar bakin teku da aka sa a jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 1993. Ba ta gina sheƙa a bishiya. 'Yar loɓa take yi a yashi ta saka ƙwai uku masu ɗigo-ɗigo, launinsu ɗaya da ƙasar wurin, har sai ka tsuguna kafin ka gan su. Mai babur da ke gudu ba zai taɓa sanin ya taka ba. Saboda ita ake kewaye ɗaruruwan eka da waya daga Maris zuwa Satumba. Ga kuma ƙura: iska na kwasar ta daga tuddan ta kai wa mazauna garin Nipomo da ke kusa, har hukumar kula da iska ta gundumar ta sa hukumar wuraren shaƙatawa ta jiha ta amince a 2018 za ta rage ƙurar, da shuka ciyayi da kafa shingen tare iska. Mafi yawan waɗannan ayyuka daga asusun masu tuƙin ake biyansu, abin da ke ƙona musu rai ke nan. A Maris 2021 hukumar kula da gaɓar teku ta kaɗa ƙuri'ar hana wasan gaba ɗaya zuwa 2024. Kotu ta soke hukuncin a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da sokewar a 2025. Masu tuƙi sun yi murna, amma dalilin kotun shi ne hukumar ta wuce hurumi, ba wai biyan sitika ya ba su haƙƙin dindindin ba. A Glamis ma, wani ɗan tsiro mai fure ruwan shuni ya sa an rufe kusan eka 49,000 a shekarar 2000, ba a sake buɗe mafi yawansu ba sai 2014. Gyaran wannan kuskure shi ne ƙungiyoyin masu tuƙi su daina kallon kuɗin shinge da shuka a matsayin asara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shingen ne ke riƙe da ƙofar a buɗe.

Sai masu neman tallafi daga asusun jihar da shirin tarayya: gundumomi, ofisoshin 'yan sanda, hukumomin tarayya da ƙungiyoyin sa-kai. Inda suka fi faɗuwa shi ne rashin sanin yadda doka ta yanka kuɗin. A Kalifoniya kashi 50 cikin ɗari na tallafin na gudanarwa da gyara ne, 25 na farfaɗo da wuraren da aka lalata, 20 na tabbatar da doka, 5 kacal na wayar da kai da kiyaye haɗari. Ƙungiya ta rubuta kyakkyawar takarda tana son koya wa yara tuƙi, ba ta san cikin 'yar ƙaramar tukunya take sa hannu tare da kowa ba. A shirin tarayya kuma, kashi 30 na masu inji ne, 30 na masu ƙafa da keke da doki, 40 na haɗin gambiza. Aikin da zai amfani ɓangarori biyu, kamar wurin ajiye mota ko banɗaki, yana da ƙofofi fiye da ɗaya. A karanta rabon kafin a ɗauki biro.

Akwai kuma batun gudunmawa. Ba a ba da tallafin ɗari bisa ɗari, mai nema sai ya kawo nasa kason. Abin da da yawa ke mantawa shi ne aikin 'yan sa-kai ana lissafa shi kamar kuɗi, muddin an rubuta. Mutum talatin su fito ranar Asabar da buhuna, su wuni suna tsintar gwangwani da ƙusoshin katakon da aka ƙona a sansani, yamma ta yi kowa ya kaɗe takalminsa ya tafi, ba wanda ya sa hannu a takarda. Wannan wunin ya tafi a banza a idon mai binciken kuɗi. Maganinsa takarda guda ce mai suna, kwanan wata da yawan awanni. Sannan kuɗin tarayya biyan baya ne: kai za ka kashe, ka kawo rasit, a mayar maka. Abin da ka kashe kafin a amince da aikin kuwa, ka ɗauka ka yi sadaka.

Wani kuskuren shi ne son sabon gini. Kowa na son a yanka zare a ɗauki hoto, ba mai son kasafin motar ture yashi. Alhali tudu tafiya yake yi. Hanyar da aka shimfiɗa bana, baɗi iska ta binne rabinta. Duk takardar da ba ta faɗi wanda zai riƙa gyara bayan shekara biyar ba, rabin takarda ce.

Kada kuma a ɗauka tunda an ce asusu na musamman, ba mai taɓa shi. Lokacin da tattalin arziki ya karye a 2008, gwamnatin Kalifoniya ta ranci miliyoyin daloli daga cikinsa don toshe giɓin kasafi. A 2012 aka gano dala miliyan 54 da hukumar wuraren shaƙatawa ba ta bayyana ba, fiye da rabinsu a wannan asusun, har shugabar hukumar ta ajiye aiki, ko da yake bincike ya nuna na ɓangaren motocin saɓanin lissafi ne. Sai a 2017 majalisa ta mayar da shirin na dindindin. Zaman hukumar da ke kula da shirin a buɗe yake ga kowa, ana kuma ba da lokacin yin tsokaci a kan takardun neman tallafi kafin a yanke hukunci. Wanda ya jira sai ya ga kwaɗo a ƙofa, ya yi ihu bayan hari.

Na ƙarshe ƙarami ne amma yana cinye lokacin mutane: kai ƙara ofishin da ba shi ba. Oceano na jiha ne, Glamis na hukumar filayen tarayya ne, tuddan jihar Oregon kuwa na hukumar gandun daji ta tarayya. A filayen tarayya, dokar 2004 ta ce aƙalla kashi 80 na kuɗin ƙofa ya zauna inda aka karɓe shi. Saboda haka idan masai ya cika a Glamis, ofishin hukumar filayen tarayya da ke garin El Centro za a tambaya ina kuɗin izinin shiga ya tafi, ba gwamnatin jiha da ke Sakramento ba.