Yadda za ka riƙe zuciyarka kana jiran aiki bayan bautar ƙasa

Ƙanena, ciwon jira yana farawa ne a watan da alawus ɗin bautar ƙasa ya daina shigowa. Naira 77,000 ba wani kuɗi ba ne, amma ranar da babu ita za ka ji a jikinka, ga 'yan uwa kullum suna tambaya, "Har yanzu shiru?"

Ka fara da gyara asubarka. Wanda ba ya zuwa ko'ina yakan raba dare yana latsa waya, ya tashi da hantsi, nan zuciya take fara mutuwa. Ka yi sallah a jam'i, ka yi wanka, ka sa kaya kamar mai fita ofis, kuma ka fita ɗin. Kada ka yini a majalisa.

Sannan ka buɗe Suratul Ƙasas ka zauna da labarin Annabi Musa (AS). Ya isa Madyana baƙo, ba aiki ba masauki. Ya tarar da mata 2 sun kasa shayar da dabbobinsu, ya shayar musu ba tare da neman lada ba, sai daga baya ya koma inuwa ya ce, "Rabbi inni lima anzalta ilayya min khairin faƙir" (aya ta 24), wato, "Ya Ubangiji, ni mabuƙaci ne ga duk alherin da Ka saukar mini." Ni abin da ke taɓa ni a nan shi ne jerin abin: hidima ta riga addu'a. Kuma ta wannan hidimar ce aka kira shi, ya sami aiki na shekara 8 ko 10, ya sami aure. To kai ma nemi rijiyarka. Koyar da yaran unguwa lissafi da yamma, zauna wurin mai gyaran waya ko tela, riƙe wa wani shagon POS da amana. Digirinka ba zai ragu ba, kuma mutane sun fi tuna wanda suka gani yana aiki.

Addu'ar nan ka riƙe ta a sujada da sulusin dare na ƙarshe. Amma ka kiyayi harshenka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ana amsa wa mutum matuƙar bai yi gaggawa ba, yana cewa na roƙa ba a amsa mini ba.

Takardun neman aiki kuwa, ware musu rana guda a mako, ka tura, ka rufe babin. Duba saƙo kowane minti ba ya matso da rabo.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a sayo maka gurbin aiki, ko ya ja ka wurin boka, ka guje shi ko da ɗan uwa ne. Na ga iyaye sun sayar da gona a kan takardar bogi. In ƙunci ya yi yawa, je ka gaishe da Mama, ka faɗa mata gaskiyar halin da kake ciki, ka nemi ta sa maka albarka.