Yadda za ka auna aikin masanin kosmik kafin ka nemi ya zama malaminka

Ƙannenmu da suka gama digirin fiziks a jami'o'in Akoka ko Ojo a Legas, masu neman wanda zai duba musu digiri na uku a waje, sukan turo mini hoton shafin Google Scholar na wani farfesa, ambato dubbai a jere, wato yawan lokutan da aka kawo sunan maƙalunsa a wasu maƙalu, su ce, "Yaya, wannan ai shi ne." Nakan ce su dakata. A fannin kosmik, wato ƙwayoyin zarra masu tsananin ƙarfi da ke faɗo mana daga sararin samaniya, wannan lambar ba ta isa hujja ba sai an tsefe ta.

Ka fara da sanin yadda ake aikin. A 1912 Victor Hess ya hau balan-balan ya haura mita 5,000 da na'urorinsa, ya nuna cewa abin daga sama yake zuwa, aka ba shi Nobel a 1936. Wancan zamani na aikin mutum ɗaya ko biyu ya wuce. Ƙwayoyin da suka fi ƙarfi, kusan guda ɗaya ce ke sauka a murabba'in kilomita cikin shekara ɗari, don haka sai da babban tarko. Cibiyar Pierre Auger da ke Malargüe a Ajantina ta baza tankunan ruwa 1,660 a fili mai murabba'in kilomita 3,000, kusan girman jihar Legas. Masana ɗaruruwa ke aikin, kuma duk maƙalar da ta fito sunan kowa na kai, an jera bisa haruffa. Shi ya sa za ka yi ta ganin Aab a farkon maƙalun Auger, Aartsen ko Abbasi a na IceCube, wata babbar cibiyar da ke Antatika. Harafin A ne ya sa su gaba. Kamar tirelar albasa ce a kasuwar Mile 12: mutum goma na iya cewa da su aka yi lodi, amma kai so kake ka san buhun wa da wa.

Saboda haka bar Google Scholar, buɗe INSPIRE, shafin da ke tara maƙalun wannan ɓangare na fiziks. Kyauta ne, waya ma tana buɗe shi, ba kamar Scopus da sai makaranta ta biya ba. Tabbatar mutumin da kake nema ne, don sunaye na karo da juna. Lambar ORCID, wadda kowane mai bincike ke da tasa daban, ita ce shaida. A shafinsa na INSPIRE akwai wurin tacewa. Zaɓi maƙalun da marubutansu ba su wuce 10 ba, sannan danna wurin cire ambaton kai. Dubi abin da ya rage. Wani za ka ga ya tsaya daram, wani kuma ya zube warwas.

Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005, lissafinsa mai sauƙi ne: idan h ɗinka 20, kana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ba ya raguwa, ko mutum ya ajiye aiki shekara goma. Ba ya kuma ganin abu ɗaya mai nauyi. Kenneth Greisen ya rubuta gajeruwar maƙala shi kaɗai a 1966, Zatsepin da Kuzmin suka yi tasu a shekarar, suka nuna cewa ƙwayoyin da suka fi ƙarfi na rasa ƙarfinsu a hanya idan sun yi karo da hasken da ya rage tun farkon duniya. Har yau a kan wannan ake gina manyan na'urori, amma a ma'aunin h maki ɗaya ce tal. Don haka duba shekara biyar na ƙarshe, ka ga ko hannunsa na cikin aiki yanzu.

Nan ne nake son ka yi adalci, domin abin na damuna. Wanda ya shafe shekaru yana daidaita na'ura a cikin sanyin Ajantina zai iya fitowa da 'yan maƙalu kaɗan bayan tacewar, alhali ba don shi ba babu sakamakon. Irinsa a taron ICRC ake gane shi, babban taron fannin da ake yi duk shekara biyu. A kundin taron ana rubuta sunan wanda ya gabatar a madadin tawaga, kuma galibi mai aikin ake turawa. Idan sunansa na dawowa taro bayan taro a kan batu ɗaya, to nan ne gonarsa.

Sai ka ɗauki maƙalarsa guda biyu daga arXiv, rumbun maƙalu na kyauta a intanet, ka buɗe jerin waɗanda suka ambace su, a INSPIRE ko a ADS na NASA. Karanta jimlar da aka ambace shi a ciki. Akwai wanda ake sa lambar maƙalarsa cikin tarin lambobin manazarta a gabatarwa a wuce, akwai wanda ake ɗaukar hanyar lissafinsa a yi aiki da ita, har 'yan wata tawaga da ba tasa ba. Na biyun nake nema wa ƙanina.

Kada ka manta da ɗalibansa. Nemo kundayen digirin da ya duba, ka ga ko sunayensu na fitowa a farkon ƙananan maƙalu, da inda suka samu aiki daga baya. Idan ka zo rubuta masa wasiƙa, ambaci ɗaya daga cikin maƙalun nan biyu da ka karanta, ka yi masa tambaya guda a kan wani jadawali da ke ciki, ka haɗa da sakamakon digirinka.