Kafin ka tura jirgi a tafkin Madarumfa, dubi fitsarin inji

Kwalekwalena na katako ne, da ƙaramin inji Yamaha mai ƙarfin doki 15 a gindinsa. A Maradi nake zaune, amma duk ƙarshen mako ina Madarumfa, ina zagayawa da baƙin da suka zo ziyarar kaburburan waliyyai suka kuma so ganin tafki. Wasu samarin sukan ce in ɗaura musu igiya in ja su da gudu, irin na ƙasar Turawa. Nakan yi dariya kawai. Ruwan nan ba zurfi sosai, ga ragar masunta ko'ina.

Fara da mai. Irin wannan inji ana gauraya masa fetur da man inji mai bugu biyu, kashi 1 cikin 50, wato rabin lita na man inji a tankin fetur mai lita 25. Ka auna da kwalba, ban da kintace. In a hannun ƴan ruwa-ruwa ka saya, zuba shi cikin farar kwalba ka bar shi ya kwanta. In akwai ruwa za ka gan shi ya taru a ƙasa. Sannan ka tace da kyalle.

Sai abin da na fi damuwa da shi. Da ruwan tafkin inji ke huce zafinsa. Can cikin ƙafarsa akwai wata ƴar fanka ta roba mai turo ruwa sama, ya zagaya, ya fito ta wani ɗan rami a gefe. Shi muke kira fitsari. Da ka ja igiya ya tashi, idonka ya tafi can. Ba ya tsartuwa? Kashe. Sau da yawa laka ce ko gidan zanzaro ya toshe ramin, tsinken tsintsiya ya ishe ka. In ka zungura bai fito ba, robar ce ta mutu. Ni sai da na ƙona tawa na gane: wata safiya na tayar da inji a tudu don in ji kukansa, ko minti ɗaya bai yi ba sai warin roba. Yanzu duk shekara nake canja ta, kuma ba na tayarwa sai ƙafar tana cikin ruwa.

Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina ruwa na ja baya, laka ta yi yawa. Tura jirgi da sandar gora har ka samu zurfi, sannan ka sauke inji.

Kowane wata kwance farfela. Zaren mamari, wato na ƙugiyoyin masunta, kan naɗe a bayanta ya ci robar da ke tare ruwa. Sassauta kusar da ke ƙasan ƙafar inji ka ga man giya: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, sai wajen bakanike.

A jirgi kada a rasa buji na ajiya da sifanarsa, da filafili biyu, da yankakken bido na kwarfe ruwa. Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa kowa sai ya sa, ko Alhaji ne da babbar riga. Nakan ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, dokar jirgin ce.”

In ka hangi gorar duma ta masunta tana yawo a kan ruwa, raga ce a ƙasa. Rage wuta ka kewaye, ka yi wa mai ita sannu da aiki. Da damina kuma, gabas na yin baƙi nake juya kan jirgi, ko da baƙi ba su gama ɗaukar hoto ba.