Kurakuran da ke ƙona furojek ɗin inbata a kwalejojin fasaha, da gyaransu

Duk ƙarshen zango abu ɗaya ake gani a sashen lantarki na kwalejojin kimiyya da fasaha: akwatin ƙarfe ya sha fenti, an manna masa takarda mai cewa 1kVA, a jona ƙwan fitila biyu su kama, a ƙara fanka da talabijin sai ƙauri ya cika ɗaki. Ɗaliban ND da HND suna son inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, domin kowa ya san amfaninsa inda wuta ba ta zama, kuma babu laifi a zaɓin. Abin da ya gajiyar da ni shi ne kurakuran bara su ne na bana, su ne kuma za a maimaita baɗi in ba a tsaya an faɗe su ba.

Na farkonsu shi ne zuwa kasuwa kafin a zauna a yi lissafi. Ɗalibi zai sauke zane daga intanet, ya kwafe jerin kaya, ya karɓi kuɗin 'yan rukuninsa, ya tafi sayayya, alhali bai taɓa tambayar kansa ƙarfin wutar da za ta bi ta wayar batir ba. Lissafin kuwa layi uku ne. Kana son wat 1000 a waje. Inbata mai taransifomar ƙarfe in ya yi kyau zai ba ka kashi 85 cikin ɗari na abin da ya ci, wato zai ja wat 1176 daga batir. Raba da bolt 12, ka sami amfiya 98. Da batir ya sauka zuwa bolt 11 kuwa, ta haura 100. Wannan adadin shi ke yanke hukunci a kan waya, fis, taransista da taransifoma gaba ɗaya, amma a rahotanni da yawa ba za ka gan shi ko a shafi ɗaya ba.

Dubi abin da rashin sa ke jawowa. Ɗalibi ya ɗauko wayar 2.5mm² ta soket ɗin gida ya haɗa batir da ita. Mita ɗaya na wannan waya tana da turjiyar kusan om 0.007. Zuwa da dawowa mita biyu, om 0.014 ke nan. Amfiya 100 ta bi ta ciki, bolt 1.4 ya ɓace a hanya, wayar kanta ta zama hita mai wat 140. Roba ta narke, a ce wai batir ne ba shi da kyau. Da 25mm² aka sa, asarar ba ta wuce bolt 0.14 da wat 14 ba. Ni 25mm² ce mafi ƙanƙanta da nake yarda da ita a wannan girman, a gajarta ta, a matse bakinta da kan tagulla, ba a murɗa ta a jikin batir da filaya ba. Wanda kuma aljihunsa zai ɗauki batir biyu, ya koma bolt 24, amfiyar ta rabu biyu ta dawo 49, rabin ciwon kan ya tafi.

Haka batun taransistar IRF3205 da kowa ke so. Ɗalibi ya ga an rubuta amfiya 110 a takardar kamfani, sai ya ce ai guda ɗaya a kowane gefe na taransifoma ta isa. Wancan adadin sai in jikinta na tsaye a zafin digiri 25, abin da ba ya faruwa a cikin rufaffen akwati a watan Afrilu. Turjiyarta om 0.008 ce: amfiya 100 a cikin guda ɗaya wat 80 ne na zafi lokacin da take kunne. Jera huɗu a kowane gefe, kowace ta ɗauki amfiya 25, zafin kowace ya sauka zuwa wat 5. Kowace a ba ta nata razista na om 10 zuwa 47 a ƙafar get, wato ƙafar da ke kunna ta, da wani na 10k daga get zuwa layin baƙar waya domin kada ta kunna kanta. Sai abin da ke kashe su ranar farko: bayan ƙarfen IRF3205 a haɗe yake da ƙafar diren, wadda ke zuwa taransifoma. In ka ɗaure gefen hagu da na dama a farantin alminiyom ɗaya ba tare da takardar mika da zoben roba a kusa ba, ka haɗe bakuna biyu na taransifomar da hannunka. Ko dai faranti biyu daban, ko ka raba su da mika ka kuma gwada da mita kafin ka kunna.

Kunnawar farko ma kada a yi ta kai tsaye da babban batir. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a jere da wayar ja. In akwai gajeriyar hanya, ƙwan ya haska tarwai, kaya su tsira. In ya ɗan yi ja kawai, aiki lafiya, sai a cire shi a sa fis kusa da batir.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. SG3525, ƙaramin IC mai ba taransistoci bugun kunnawa da kashewa, yana raba bugunsa biyu, saboda haka in kana son 50Hz a waje, saita shi a 100Hz. CD4047, wani IC mai wannan aikin, ba ya barin tazara tsakanin kashe gefe ɗaya da kunna ɗayan, kuma igiyar da yake fitarwa mai kusurwa ce, kada ka rubuta a rahoto cewa irin ta wutar gari ce. Taransifomar ƙaramin UPS ba za ta zama ta wat 1000 ba don an canza mata akwati. Ƙafar Arduino, ƙaramin allon nan da ake sa wa umarni, amfiya 0.02 ake so ta ɗauka, kada ka ɗora mata rile kai tsaye, sa taransista da dayod 1N4007 a tsakanin bakunan naɗin rilen. Faifan sola da ake kira na bolt 12 yana kai bolt 21 zuwa 22 in ba a jona masa komai ba, ba a haɗa shi da batir sai ta na'urar daidaita caji. Batir ɗin dalma mai 100Ah kuwa rabinsa kawai za ka ci in kana son ya daɗe, wato wat 600 na awa ɗaya, don haka a daina alkawarin kwana da firji.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin wancan kaya yake ƙonawa, wannan kuwa ɗalibin yake lalatawa: babi na huɗu, wato babin sakamakon gwaji, na ƙarya. Ka buɗe rahoto ka ga teburin gwaji, ba lodi bolt 220, rabin lodi bolt 220, cikakken lodi bolt 220, inganci kashi 95. Haba! Wane inbata ne wannan? Batir yana sauka, taransifoma tana zafi, waya tana cin nata rabo, amma adadi bai motsa ba? Wannan tebur a kan gado aka cika shi. Ka tambayi mai shi da me ya auna amfiya 98, sai ya nuna maka ƙaramar mita da iyakarta amfiya 10. Mai yin haka gobe shi za a tura ya sa hannu cewa an gwada wayoyin asibiti ko na makaranta, kuma hannun da ya saba cika tebur ba awo zai cika wancan ma. Rahoton da ya ce na so wat 1000, na samu 620, ga dalili, ya fi min daraja nesa ba kusa ba a kan wanda ya zo da lambobi masu sheƙi.

Gwaji na gaskiya ba shi da tsada. A sami ƙwayayen fitila masu zare na wat 100, a riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya. A kowane mataki a jira minti goma, a rubuta bolt na batir a bakinsa, amfiyar da yake bayarwa da mita mai maƙalawa wadda ke karanta wutar batir, ko da shant, wato razistan awo, na amfiya 100, sai bolt na waje, bugun 50Hz, da zafin faranti. A kula kuma: mita mai araha tana ƙara kusan kashi 11 cikin ɗari a kan igiya mai kusurwa, in ta nuna 230 to gaskiyar tana wajen 207. Wannan ma a rubuta shi.

Yanzu gare mu, malamai, domin ba ɗalibai kaɗai ke da alhaki ba. Manhajar da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ke fitarwa ta ware sa'o'in aikin hannu a kusan kowane darasi, kuma ɗalibin ND yana tafiya SIWES, wato horon aiki a masana'anta, na wata huɗu bayan shekarar farko. To yaya za a yi ya zo shekara ta biyu bai iya riƙe ƙarfen narka dalma ba? Saboda an yi masa aikin hannun a kan allo. An zana dokar Ohm da alli, an ba shi sakamako ya kwafa. Razista na om 100 mai rubu'in wat kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ba kowane ɗalibi ɗaya, ya lissafa cewa a bolt 12 zai ci wat 1.44, sannan ya jona ya ga hayaƙi da idonsa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya shaƙi wannan ƙaurin a makon farko ba zai ƙara zaɓar kaya da ka ba.

Rukunin mutum goma a kan furojek ɗaya shi ma zalunci ne: biyu na aiki, takwas na tara kuɗi. Uku sun isa, kowa da sashensa da sunansa a kai, wannan bugu, wannan ɓangaren ƙarfi, wannan caji da kariya. Ba na sa hannu a kan take sai an kawo min shafi ɗaya na lissafi da hannu. Ba na yarda a haɗa komai wuri ɗaya sai na ga kowane sashe yana aiki shi kaɗai, bugun ma a kan osiloskof. Kowane mako a zo da littafin aiki mai kwanan wata, har da abin da ya ƙone da dalilin ƙonewarsa. Malamin da ba ya ganin ɗalibansa sai saura mako biyu, shi ya tura su wajen mai gyaran rediyo su sayo haɗaɗɗe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar kare aiki kuma a rage tambayar ma'anar kalmomi. A buɗe murfin akwati, a miƙa wa ɗalibi mita, a ce ya nuna inda zai auna bolt na get, ya faɗi abin da yake sa ran gani kafin ya taɓa. Wani lokaci nakan zare razista ɗaya tun kafin su shigo, in ba rukunin minti goma sha biyar su gano abin da ya hana gefe ɗaya aiki, kuma makin wannan minti goma sha biyar ɗin nake ɗorawa sama da na bangon rahoto.