Yadda Ake Sayar da Tarin 'Yan Mutum-mutumin LEGO: Sari, Kashi-kashi ko Ɗai-ɗai

Wanda ya tara 'yan mutum-mutumin LEGO, wato ƙananan mutanen roba na wasan yara, ɗari biyar ko dubu, ranar da ya tashi rabuwa da su tambayar da ke fara zuwar masa ita ce: in zube wa ɗan sari gaba ɗaya in karɓi kuɗina yau, ko in bi su ɗai-ɗai? Kada ka yi gaggawar amsawa. Ba a yanke wannan shawara sai an san abin da ke cikin tarin, domin kusan kullum 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Sauran 'yan sanda ne da 'yan kwana-kwana da leburorin gini na jerin City, waɗanda kamfanin ya buga ba adadi. In ka sayar a dunƙule ba tare da tantancewa ba, masu tsadar sun tafi a gyara. In kuma ka ce kowanne sai ka sa masa kuɗinsa, shekara za ta zagayo kana ɗaure ƙunshin dala biyu.

Ware jabu tukuna

Shimfiɗa farin zane a kan tebur, saboda hula da tafin hannu in suka gangara ƙasa sai an sha wahalar nema. Kowane mutum-mutumi gaɓa huɗu ne: kai, gangar jiki da hannuwanta, ƙugu da ƙafafu, sai gashi ko hula ko kwalkwali. Tsayinsa kamar santimita 4.

Cire kan ka duba saman wuyan, za ka ga an rubuta LEGO da ƙananan baƙaƙe. Zare ƙafafun ka duba tsakanin ƙullutai biyu na saman ƙugu, nan ma akwai sunan. A kan kai ma yakan fito, amma kada ka yanke hukunci da kai kaɗai: akwai kawuna na ainihi, musamman na shekarun 1990 da 2000, da ke da huda a ƙullutun sama, babu rubutu a wurin. Kyamarar waya in ka jawo hoton kusa ta ishe ka ganin wannan. Jabu yakan cika sheƙi, zanen fuskarsa ya karkace, hannunsa ya yi tauri ko ya yi sako-sako. Duk wanda ya faɗi jarrabawa ka zuba shi a leda daban. Jabu ɗaya in ya ɓuya cikin kashi na hamsin, mai saye zai yi shakkar sauran arba'in da tara, kuma yana da gaskiya.

Gano wane ne wane

Nan aikin yake, nan kuma kuɗin suke. Fara raba su gida-gida: Star Wars, da aka fara a 1999, Harry Potter, daga 2001, jaruman Marvel da DC, Ninjago, daga 2011, tsoffin Castle, Space da Pirates, jerin Minifigures da ake sayarwa a rufe tun 2010, sai City. Launin fata yana taimakawa wajen sanin zamani. Mutanen fim sun koma launin fatar ɗan Adam wajen 2004, saboda haka ɗan Star Wars mai rawayar fuska na shekarun farko ne.

Daga nan ka shiga kundin BrickLink, kasuwar intanet ta kayan LEGO da aka kafa a 2000, kamfanin LEGO kuma ya saye ta a 2019. Kowane mutum-mutumi yana da lambarsa a can: na Star Wars suna farawa da sw, na Harry Potter da hp, na City da cty, na Ninjago da njo. Da wannan lamba ake ciniki, ba da suna ba. In ba ka san ko wane ne ba, ɗora hotonsa a Brickognize, shafin da ke gane kayan LEGO ta hoto, ya ba ka hasashe, sannan ka koma BrickLink ka gwada gaɓa da gaɓa, domin ƙarƙashin kowace lamba an jera ainihin kai da gangar jiki da ƙafafun da suka haɗa shi.

Abin da ya fi cutar da masu sayarwa shi ne suna ɗaya, bugu iri-iri. Dubi Boba Fett na Star Wars. Wanda ya fito a akwatin Cloud City mai lamba 10123 a 2003 yana da zane a damatsa da ƙafafu, kuma kuɗinsa ya haura dala dubu. Ɗan'uwansa na waɗancan shekarun, mai damatsa da ƙafafu ba zane, ko kusa bai kama ƙafarsa ba, alhali daga nesa kamar an tsaga kara. Haka Mr. Gold na jerin Minifigures na 10 a 2013, wanda guda 5,000 kacal aka yi, da C-3PO mai ruwan zinare na 2007, guda 10,000. Irin waɗannan ne aka fi yi wa jabu, har akan buga zane a kan gaɓoɓin LEGO na ainihi marasa zane. In ka ci karo da mai tsada haka, ka gwada kaurin layukan zanen da hotunan kundi kafin ka sa masa kuɗi.

Kula da launi kuma. A 2004 kamfanin ya sauya ruwan toka da ruwan ƙasa. Tsohon ruwan toka yana da ɗan ɗumi, sabon ya karkata zuwa shuɗi. Yara suna musanya ƙafafu, sai ka tarar da gangar jikin 2001 a kan ƙafafun 2010. A hasken rana za ka ga bambancin, a hasken ƙwan ɗaki da wuya. Idan gaɓa ta ɓace kuma mutum-mutumin ya kai a yi masa wahala, sayo ainihin gaɓar ka cike. In ba haka ba, ka rubuta ƙarara cewa ƙafafun ba nasa ba ne.

Wani abu da ke jawo rigima: a kundin BrickLink, alkyabba da hula suna cikin lissafin mutum-mutumi, amma takobi da bindiga da sauran abin riƙewa yawanci ba sa ciki. In kana da su ka ambata, suna jawo mai saye. 'Yan jerin Minifigures kuwa farashi biyu gare su, na mutum-mutumin zalla da na cikakke mai kayansa da farantin tsayuwarsa.

Lafiyar kaya da wanki

Ɗaga kowane hannu ka duba gefen gangar jiki ƙarƙashin hammata, nan tsaga ta fi fitowa, siririya kamar gashi. Duba wuyan hannu inda tafin ke shiga, duba dunduniya ta baya, duba haɓar tsoffin kwalkwalin Space. Alamar zinare da ke ƙirjin tsoffin 'yan Space tana gogewa, kuma iya abin da ya rage nata iya kuɗin da za a biya. Fari da shuɗi da ruwan toka suna komawa rawaya in sun sha rana. Ruwan ƙasa mai ja-ja da ja mai duhu na wasu shekaru suna da gautsi, sukan fashe da ɗan matsi, don haka kada ka ɓalle hannu daga gangar jiki don dubawa ko wanki. Yawan tsagar hammata daga nan take samo asali.

Wanki da hannu ake yi, a ruwan da ɗuminsa bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun wanke kwanuka. Buroshi mai laushi a tafin ƙafa da cikin gashi, amma kan zane yatsa ya isa. Alkyabbar yadi ka cire ta, ruwa yana sa ta yi laushi bakinta ya tsefe. Shanya a inuwa, kai da ƙafafu a ware, har kwana guda. In ka ƙulle su a leda da danshi za su yi wari. Akwai masu jiƙa waɗanda suka yi rawaya a sinadarin haidirojin feroksaid su sa a rana. Launin yakan dawo, amma zane yana iya koɗewa, rawayar ma takan sake fitowa daga baya. Gara ka sayar da shi yadda yake, ka faɗi gaskiyar launinsa.

Sa kuɗi

Kuɗin da wani ya nema ba shi ne farashi ba, abin da aka biya shi ne farashi. A shafin kowace lamba BrickLink yana nuna cinikin wata shida da suka wuce, sabo daban, wanda aka yi amfani da shi daban. Ɗauki matsakaicin kuɗin wanda aka yi amfani da shi, ka kuma duba guda nawa aka sayar. Wanda aka sayi ɗari uku a wata shida zai tafi cikin mako. Wanda aka sayi biyu, ko da kuɗinsa ya yi kyau a takarda, yana iya kwana wata da watanni. A kasuwar intanet ta eBay ma ka tace sakamakon ya nuna waɗanda aka riga aka sayar kawai. Manhajar kwamfuta ta BrickStore kyauta ce: ka zuba lambobin, ta jawo farashin, ta ba ka jimilla. Mai tsaga ka rage masa kuɗi sosai, don masu tarawa da yawa ba sa ko kallonsa.

Yanzu kasa tarin gida uku. Duk wanda ya kai dala 15 zuwa sama, ɗai-ɗai. Na dala 4 zuwa 15, kashi-kashi na biyar ko goma 'yan gida ɗaya. Sojoji masu kama ɗaya, irin su Stormtrooper na Star Wars da mayaƙan Castle masu tambari ɗaya, sun fi tafiya a haka, domin masu haɗa runduna goma suke nema a lokaci guda. Na ƙasa da dala 4, sari: ashirin da biyar, hamsin, ɗari.

Ga misali na lissafi. A ce guda 600 ne: 40 a kan dala 30, wato 1,200, 160 a kan dala 7, wato 1,120, 400 a kan dala 2, wato 800. Jimilla 3,120. Ɗan sari dole ya ci riba, ya kuma biya lokacinsa, don haka tayinsa bai cika wuce rabi ba. A ce ya taya kashi 40 cikin ɗari, dala 1,248 ke nan. In kuwa ka sayar da arba'in ɗin da kanka, aka cire kashi 15 na la'ada da kayan ɗauri, saura 1,020. Na tsakiya ka sallama a kashi 70 na kuɗinsu, bayan la'ada kusan 666. Ɗari huɗun nan dala ɗai-ɗai, 400. Ka tashi da kusan 2,086, da ƙunshi sittin da 'yan kai. Wannan wahala ta biya. Bin ɗari huɗun ɗai-ɗai kuwa, ko dala 400 ba lallai ya ƙara maka ba, ga hoto da rubutu da zuwa gidan waya ba iyaka.

In buƙatar kuɗi ta matsa ka zaɓi sari gaba ɗaya, ba laifi, amma ka je da jerin lambobinka da jimillarka, ka nemi tayi daga mutum uku. Kuma kada ka yarda a tsince. Mai saye zai ce bari ya ɗauki waɗannan arba'in ɗin kawai, ya biya kuɗi mai kyau, ya bar ka da kwantai. Ko duka ko babu. In kai ne ka riga ka tsame masu tsadar, ka gaya masa tun kafin ya taya.

Inda za a kai

BrickLink la'adarsa kaɗan ce, kusan kashi 3 cikin ɗari, ban da ta kamfanin biyan kuɗi, amma masu sayen can sun san kaya, ba sa yafe tsagar da ba a ambata ba. Ka sa mafi ƙarancin cinikin da za ka karɓa, kada wani ya sayi kai ɗaya ka ɗaure masa. eBay yana cin kusan kashi 13 a Amurka, sai dai idanu sun fi yawa, kuma gwanjonsa ya dace da kashi-kashi. Facebook Marketplace na ciniki hannu da hannu ne, ya dace da sari. Ku haɗu a bainar jama'a, ka ƙirga kuɗinka kafin kaya su bar hannunka. A Amurka akwai shagunan Bricks & Minifigs da ke sayen na hannu. Duk wanda ya turo fiye da kuɗin kaya ya ce ka mayar masa da canji, damfara ce. A Tarayyar Turai da Ingila, wanda ya kai ciniki 30 ko ya wuce Yuro 2,000 a shekara, kasuwar intanet ɗin za ta miƙa bayanansa ga hukumar haraji, saboda haka ka riƙa ajiye lissafi.

Kasuwar wannan kaya Turai da Amurka take. Wanda tarinsa ke Kano ko Yamai, kuɗin aikawa zai cinye ribar ɗai-ɗai. Gara ya haɗa kwali guda ga mai saye guda, bayan ya tabbatar hanyar karɓar kuɗin tana aiki a ƙasarsa.

Hoto da ɗauri

Mai tsada hoto biyar: gaba, baya, gefe biyu da hannu a ɗage, sai wuya da kan a cire. Hasken rana ta taga, farar takarda a baya. Kashi kuwa ka jera su sahu-sahu na goma yadda za a iya ƙirgawa, ka rubuta adadi, da guda nawa ke da tsaga. Wanda ke hoto shi za a aika, ba mai kama da shi ba.

Kowanne ledarsa mai zif, don in suka gogi juna zane yana karcewa. Alkyabba a shimfiɗe tsakanin kati biyu. Kada ka yi amfani da ambulan ɗin wasiƙa, injin tace wasiƙu yana matse shi, ko ya fasa ambulan ɗin kayan su zube. Ambulan mai soso ya isa ga ɗaya ko biyu, mai tsada kuwa ƙaramin kwali da lambar bin sawu, a ƙara inshora in ya kai. Nauyinsu ba komai, guda ɗari ba su cika rabin kilo ba, kwalin ne ke ƙara awo. Ɗauki hoton kayan a cikin kwali kafin ka manne.

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba ciniki ya fi tafiya saboda sayayyar Kirsimeti. In kana da iri ɗaya guda goma na mai tsada, ka fitar da biyu-biyu, kada ka karya wa kanka farashi. Waɗanda ke jira ka ajiye su a rufe, nesa da taga da ɗaki mai zafi, kowanne da lambarsa a jikin ledarsa.