Yadda Za Ka Shiga Kwamfutar Ofis Daga Gida Ta VPN

Ofis yana Samaru, kai kana Tudun Wada, ga aiki ana jira. Ba sai ka tari keke-napep ba: VPN, wato amintacciyar hanya da ke haɗa kwamfutarka ta gida da ofis ta intanet, zai isar da kai.

Da farko karɓi adireshin saba (server, wato na'urar da za ta karɓi haɗinka), sunan shiga da kalmar sirri wajen mai kula da kwamfutocin ofis. A Windows 11 buɗe Settings, shiga Network & internet, danna VPN, sai Add VPN, ka zuba bayanan. Wajen nau'in VPN zaɓi wanda mai kula da kwamfutocin ya faɗa maka, kamar IKEv2. Don Allah ka guji PPTP, tsaronsa ya daɗe da karyewa. Danna Save, sannan Connect.

In ya haɗu, buɗe Remote Desktop Connection, manhajar Windows da ke ba ka damar sarrafa wata kwamfuta daga nesa, rubuta sunan kwamfutar ofis. Amma fa dole tana kunne, Windows ɗinta Pro ce ba Home ba, an kuma kunna mata Remote Desktop. A jona ta da inbata saboda ɗaukewar wuta.