Kurakuran da direbobin Hayis suka fi yi wajen canza giya da taka birki

Ɗaya daga cikin kurakurai mafi haɗari shi ne sa mota a firi a kan gangara, wai don a rage shan mai. Bas mai ɗauke da fasinja 18 da buhuna a but, in aka cire mata giya, ba abin da ke riƙe da ita sai birki. Direba ya ɗora ƙafa ya yi ta dannawa, takalman birkin su ɗau zafi har su fara wari, su daina kamawa. In zafin ya kai ga man birki, sai ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa ba komai. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai zafi ya kai wajen digiri 205 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa tun daga wajen 140, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Gyaran kuwa tun daga saman tudu ake yin sa: a rage gudu, a dawo lamba uku, ko biyu in lodin ya yi nauyi, injin ya riƙe motar. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. A wuri irin Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka ɗaga ƙafa birkin ya sha iska, sannan ka sake.

Mafi muni shi ne mai kashe injin gaba ɗaya. Iskar da ke tausasa birki daga injin take samuwa. Da an kashe shi, taku biyu ko uku ne birkin zai sandare, sitiyari ma ya yi tauri.

Akwai masu fara taka kuloci kafin birki. Wannan ma firi ne da wani suna. Birki ake fara takawa, mota na cikin giya, sai ta kusa tsayawa injin zai fara kakkarwa, sannan a taka kuloci.

Kuloci kansa yana shan wahala a hannun masu hutar da ƙafar hagu a kansa. Nauyin ƙafar kaɗai ya isa ya sa faifan ya riƙa zamewa yana cinyewa. Da ka canza giya, sauke ƙafa ƙasa. Haka riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci da totur, musamman a cunkoso: ja birkin hannu, in za ka tashi ka saki kuloci har ka ji motar ta ɗan yunƙura, sannan ka sauke birkin hannun. Alamar faifan ya ƙare ita ce ka ba da wuta, injin ya yi ta ihu, gudu bai ƙaru ba.

Tashi da lamba biyu da lodi ganganci ne, lamba ɗaya aka yi wa wannan aikin. Kada kuma a bar mota a lamba biyar tana tafiyar hawainiya tana karkarwa. A dawo lamba ta ƙasa. Ribas kuwa sai mota ta tsaya cak, a taka kuloci har ƙasa, a ɗan jira daƙiƙa biyu. In ta ƙi shiga, kada a tilasta mata: a dawo firi, a saki kuloci, a sake takawa.

Sai batun tazara. In gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi, lodi da ruwan sama kuma ƙari ne. Tsohuwar Hayis marar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa, in aka daki birkinta tayoyi kan kulle, sitiyari ya daina jin magana. A ɗan sassauta ƙafa tayar ta juya, a sake matsawa. Mai ABS kuwa a danne a riƙe, ko da an ji fedar na rawa a ƙarƙashin ƙafa.